Yadda za ka ƙara wa motar daji tankin mai na biyu da famfon juye mai

Duk mai Hilux ko Land Cruiser da ke shiga gonaki wajen Kachia ko Saminaka ko can cikin Kauru ya san da zarar ka sauka daga kwalta to kun yi sallama da gidan mai, sai 'yan bumburutu, su kuma farashinsu daban mansu daban, wani lokacin ma kananzir ne rabi. Tankin Hilux kusan lita 80 yake ɗauka. A kan kwalta wannan ya isa tafiya mai nisa, amma in damina ta zauna ka sa mota a ƙaramar giya tana fama da laka tun safe, za ka ga allurar geji na sauka kana kallo. Jarka kuma ba mafita ba ce, tana zuba, tana wari, ga shi tun 2021 da gwamnatin jihar Kaduna ta hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi irin su Birnin Gwari da Giwa da Chikun, jami'an tsaro ba sa yi wa mai jarkoki a bayan mota kallon arziki. Shi ya sa mutane ke komawa tanki na biyu.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya, motarka gas take sha ko fetur? Don aikin ba ɗaya ba ne. Man gas sai ya yi zafi ya wuce digiri 50 kafin tururinsa ya kama wuta, fetur kuwa ko cikin sanyin hunturu tururinsa a shirye yake, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ni ra'ayina, in gas ce za ka iya ba wa ƙwararren mai walda ya ƙera maka tanki, in fetur ce nemi tankin kamfani da aka yi shi don mota, ko na wata motar da aka kwance mai lafiya, kuma a ƙarƙashin mota za a ɗaura shi. Tankin fetur a cikin ɗakin da mutane ke zama ko a buɗaɗɗen bodi rana na dukansa, wallahi kar ka fara.

Tsarin da nake ba da shawara shi ne mafi sauƙi: tanki na biyu ba ruwansa da inji. Aikinsa kawai ya riƙe mai, in babban tanki ya yi ƙasa ka kunna ƙaramin famfo ya juye masa. Akwai masu sa bawul mai canza layi ta yadda inji zai riƙa sha kai tsaye daga kowane tanki, amma motocin gas suna da layin da ke mayar da ragowar mai tanki, to in ba a canza layukan biyu tare ba sai ka tarar inji na sha daga wannan yana mayarwa wancan har ya cika ya yi ambaliya. Ga kuma iska da ke shiga layi mota ta mutu a tsakiyar daji. Ka bar layin inji yadda kamfani ya yi shi.

Sai wurin ɗaurawa. Wanda aka fi amfani da shi shi ne gurbin safaya taya a ƙarƙashin baya, ka mayar da tayar cikin bodi ko ka yi mata mariƙi a ƙofar baya. In a-kori-kura ce za ka iya sa shi cikin bodi, manne da bayan kan mota, amma wannan na gas ne kawai kamar yadda na ce. Ka yi lissafin nauyi tukuna: litar gas ɗaya kusan giram 830 ce, ta fetur kusan 740, kenan lita 70 ta gas ta kusa kilo 60, ka haɗa da ƙarfen tankin da mariƙansa za ka ga ka doshi kilo 90 ko fiye, kuma duk a bayan ƙafar baya suke in gurbin safaya ne. In sifirin ɗinka ya riga ya kwanta saboda buhunan taki, gyara shi tukuna. Kuma kar cikin tankin ya sauko ƙasa da inda tayar take a da, don wurin ne ke fara dukan ƙasa in kana fita daga kwazazzabo. Gara ka haƙura da lita 55 da ka yi 80 dutse ya farke shi.

Toh in ƙerawa za a yi, a kasuwar Panteka ta Kaduna akwai masu hannu, ba a magana, amma yawancinsu tankin ruwa da na janareta suka saba yi, wanda ake ajiyewa wuri ɗaya ba ya motsi, don haka sai ka tsaya a kansu ka faɗi abin da kake so. Farko dai ƙarfen. Kar ka yarda da farin fallen nan mai ruwan tutiya da ake ce wa galbanaiz, man gas na cin tutiyar a hankali ta narke ta bi mai ta je ta toshe nozul, kuma injinan zamani irin D-4D da ke fesa mai da matsin da ya wuce bar 1,000 ba sa yafe datti ko kaɗan, kuɗin nozul huɗu ya fi kuɗin tankin nesa ba kusa ba. A yi da baƙin falle mai kaurin milimita 2 ko alminiyom mai milimita 3 in akwai mai iya waldarsa. Sabon falle, ba tsohuwar durom ba, kuma duk tankin da fetur ya taɓa zama a ciki ba a kai masa wuta, ko an wanke shi da omo sau nawa ne.

Na biyu, a cikin tankin dole a sa shamaki, wato falle biyu ko uku a tsaye da suka raba cikinsa ɗaki-ɗaki, da ƙananan ƙofofi ta ƙasa don mai ya wuce, ta sama don iska ta wuce. In babu su, tanki na rabi ka taka birki ko ka sha kwana, man zai taru ya bugi bango ɗaya gaba ɗaya kamar ruwa a bokitin da yaro ya ɗauko da gudu, za ka ji bayan mota na jan ka, kuma wannan bugun ne ke tsaga walda bayan 'yan watanni a hanyar gargada. Ka leƙa ka gan su da idonka kafin a rufe saman, don bayan an rufe kowa zai ce maka ya sa.

Ƙofofin da za a fitar: bakin zuba mai, bututun tsotso da zai sauka ya tsaya kamar santimita ɗaya ko biyu sama da gindin tanki don kar ya kwashi ruwa da laka, bututun numfashi a can ƙololuwa, ramin geji in kana so, da noti a ƙasa na tsiyaye ruwa. Bututun tsotson ta sama zai shiga, ba ta gindi ba, saboda in tiyo ya tsinke a hanya kar man ya tsiyaye duka. Bakin zuba man kuma a ɗan nutsa shi ciki yadda ko an cika taf za a bar sarari kamar kashi 5 cikin ɗari, don mai na kumbura in ya ji zafin watan Afrilu. Da an gama walda a toshe ƙofofin, a hura iska kaɗan, kamar psi 3 a gejin auna matsin iska, kar a wuce don tankin zai kumbure, a shafa ruwan omo a kan kowane layin walda. Inda ka ga kumfa na tasowa a sake. Bayan nan a wanke cikin tas a fitar da ɓurɓushin ƙarfe, a bar shi ya bushe sarai.

Ranar ɗaurawa ka fara cire kan batir na nagetif, ka ajiye abin kashe gobara kusa, a fili za a yi aikin, mai shan sigari ya matsa can. Mariƙan su kama shasi ta ramukan da kamfani ya riga ya huda, akwai su da yawa in ka duba. Kar a huda leɓen shasi na sama ko na ƙasa kuma kar a yi walda a kansa, nan ne ƙarfinsa yake. A sa roba tsakanin tanki da mariƙi, a yi amfani da noti mai kulle kansa. Ka duba tazara tsakanin tanki da salansa, in sun yi kusa a sa falle a tsakani ya tare zafi, kuma ka tuna ƙafar baya na hawa da sauka, abin da ka ga ya wuce lafiya mota na tsaye zai iya haɗuwa da tanki in ta faɗa rami da kaya.

Famfon kuma nan ne mutane suka fi kuskure. In ka je Oriakpata, kasuwar kayan gyaran mota ta Kaduna, ka ce famfon mai, abin da za a miƙo maka shi ne na cikin tanki na motocin injekta, mai matsin psi 40 zuwa 60. Ba shi kake nema ba. Kana son ƙaramin famfon lantarki na bolt 12 irin na motocin kabureta, mai psi 4 zuwa 7, irin samfurin Facet mai kama da ɗan akwati da ke yin ƙas-ƙas-ƙas in yana aiki, kuma ka tabbata an rubuta yana ɗaukar irin manka. Yana tura kamar lita ɗaya da rabi zuwa biyu a minti, wato lita 60 za ta ci rabin awa ko fiye, kuma hakan ake so, kana tafiya yana juyewa a hankali. Ɗaura shi kusa da tanki na biyu, ƙasa-ƙasa, a cikin shasi inda dutse ba zai same shi ba, don irin wannan famfon ya fi iya turawa a kan tsotsowa. Filta kafin famfo, ba bayansa ba, ka lura da kibiyar da ke jikinsu. Tiyo na mai ne zalla, za ka ga an rubuta SAE J30 a jikinsa, milimita 8 ya isa. Farin tiyon ruwa da masu janareta ke sawa yana sandarewa ya tsage. Kowane baki kilif, kuma a ɗaure tiyon a jikin shasi duk bayan taki ɗaya, inda zai ratsa ƙarfe a sa masa zoben roba.

Man zai shiga babban tanki ne ta wuyan da ake zuba mai, a yanka robar wuyan a sa ɗan bututu mai reshe, reshen na kallon ƙasa wajen tanki. Ba sai an huda babban tankin ba. In tanki na biyu ya fi babban tsayi, kamar wanda ke cikin bodi, to akwai wata matsala: ko famfo a kashe yake mai zai iya ci gaba da gangarowa da kansa, ka kwana ka tashi ka tarar da tabkin gas a ƙarƙashin mota. Maganinta bawul na lantarki wanda a rufe yake kullum sai an ba shi wuta, a haɗa shi layi ɗaya da famfon su riƙa buɗewa tare.

Bututun numfashi kar ka raina shi. In ya toshe famfo zai yi ta tsotso har tankin ya lotsa ciki ko man ya daina zuwa. A ja tiyonsa sama sosai, sama da inda ruwa ke kaiwa in kana ƙetare rafi, a sa masa bawul ɗin da ke rufewa in mota ta kife, da ɗan filta a baki saboda ƙurar hunturu. Na fetur ba a sakinsa a iska kusa da salansa, a haɗa shi da layin tururi na motar.

Wayarin kuma ka kira mai wayarin na gaske. Wuta daga batir, fis dab da batir ɗin, yawanci amfiya 5 ya ishi ƙaramin famfo amma bi abin da takardarsa ta ce, sai rile, wato ɗan makunnin da wutar lantarki ke kunnawa, sai famfo. Makunnin da ke gaban direba shi zai tayar da rile ɗin, kuma wutarsa ta fito daga layin da ke mutuwa in an zare makulli, ta yadda ba yadda za a yi famfo ya yi aiki mota na kashe. A sa makunni mai jar fitila a inda idonka ke faɗawa. Babban haɗarin wannan tsarin gaba ɗaya shi ne mantuwa: ka kunna, waya ta shigo ko hira ta yi daɗi, babban tanki ya cika famfo bai sani ba yana ta turawa, mai ya fara fita ta numfashi, a motar fetur ma ya cika gwangwanin gawayin da ke tare tururi ya lalata shi. In ka samu rile mai agogo wanda ke kashe kansa bayan minti goma ko sha biyar, sa shi, kuɗinsa kaɗan ne. In ba ka samu ba ka ɗaure wa kanka doka, ba ka kunnawa sai geji ya sauka ƙasa da rabi, ka kashe in ya kai kashi uku cikin huɗu. Kuma da ka ji ƙarar famfon ta canza ta yi sauri, mai ya ƙare, kashe shi.

Gwajin farko lita 10 kawai za ka zuba. Cire tiyo daga reshen ka sa a jarka, kunna minti ɗaya ka auna abin da ya fito, yanzu ka san saurin famfonka. Mayar da tiyon, kunna, ka shiga ƙarƙashi da tocila ka bi kowane baki da farar takarda, ko ɗigo ɗaya za ta nuna. Sai ka cika, ka yi tafiyar gargada, ka dawo ka sake ɗaure notuna da kilif don za su saki kaɗan. Filtar farko canza ta da wuri, ita ke kwashe ragowar dattin walda.

Ka ajiye rasitin aikin da na man da ka sha a cikin mota tare da takardunta, ka sanar da kamfanin inshorarka in kana da cikakkiya, ka kuma tambayi ofishin VIO ko akwai abin da suke buƙata a kan gyaran. A shingen bincike in an tambaya ka faɗa da bakinka cewa akwai tanki na biyu, ka nuna musu, kar ka bari su gano da kansu. Man da ke ciki kuma kar ya yi watanni a zaune, riƙa juye shi kana zuba sabo, kuma da damina ka riƙa kwance notin ƙasa lokaci-lokaci ka tara a kwalba ka ga ko ruwa ya kwanta.