Zuwa aiki kullum a kan tsohon babur: kurakuran da ke barin mutum a bakin titi

Mai tsohon babur iri biyu ne. Akwai wanda ke fito da nasa ranar hutu, ya goge shi, ya ɗan zaga a yaba. Idan ya ƙi tashi, sai ya mayar da shi rumfa ya koma ɗaki. Akwai kuma wanda zai hau nasa ƙarfe bakwai na safe, kwana biyar ko shida a mako, yana da wurin da dole ya isa kafin takwas. Wannan idan babur ya ƙi tashi, ranarsa ta ɓaci tun ba a je ko'ina ba. Da shi nake magana, don ni ma a sahunsa nake.

Tsufa ba shi ne ke kayar da waɗannan babura ba. Super Cub na kamfanin Honda ya fito a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Abin da ba shi da ƙarko ba ya yin irin wannan kasuwa. Sai dai baburan shekarun 1960 da 1970 an ƙera su ne da zaton mai su zai riƙa sa musu hannu duk mako: ya ɗaure nan, ya sassauta can, ya ɗiga mai. Babur na yanzu ya saba mana da latsa maɓalli mu tafi. Kusan duk kuskuren da zan ambata daga nan ya samo asali, wato a hau na da da halin na yanzu.

Fenti kafin taya

Mutum ya sayi tsohon babur, kuɗinsa na farko sai ya tafi wajen fenti, sabuwar kujera da goge ƙarafuna su yi ƙyalli. Taya kuwa ya duba ya ga zanenta bai cinye ba, sai ya ce da sauranta. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba. Takan bushe ta yi tauri, ta daina kama kwalta, kuma ba za ka gane ba sai ranar da aka yi yayyafi ka zo kwana. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke faɗin ranar haihuwarta: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Idan lambobin uku ne kacal, an yi ta kafin shekarar 2000, kuma wannan ko kyauta aka ba ka kada ka hau. Masu ƙera taya na ba da shawarar a riƙa bincikar ta duk shekara da zarar ta kai biyar, a yar da ita idan ta kai goma ko da zanenta na nan. In za ka sauya, sauya har da tiyub da robar da ke rufe kan sifok a cikin rim. Iska kuma a auna ta duk mako, da safe kafin taya ta ɗau zafi, don tiyub na sace iska a hankali ba tare da ya huje ba.

Birki shi ne na biyu, kuma a nan ne aka fi yaudarar kai. Sai a 1969, da fitowar CB750 na Honda, birkin faifai ya fara yaɗuwa a baburan da ake sayar wa kowa da kowa. Kafin nan, da ma shekaru da yawa bayan nan a ƙananan babura, birkin ganga ne gaba da baya. Yana aiki, amma yana bukatar tazara. Motar da ke gabanka tana da birkin zamani mai hana taya kullewa, za ta iya tsayawa cak a inda kai kana kan jan hannu. Wanda ya saba bin bayan mota kamar an ɗaure su tare, to ya ninka tazararsa, in ana ruwa ya ƙara. Birkin ganga idan ya jiƙe yakan rage kamawa, don haka bayan ka ratsa ruwa ka ɗan taɓa shi sau biyu ko uku ya bushe kafin ka bukace shi da gaske. Idan kuma ya yi zafi a doguwar gangara yakan saki, shi ya sa ake saukowa da ƙaramar giya.

Wasu kuma tsoron birkin gaba suke yi, sun ji an ce yana kifar da mutum, sai su dogara da na ƙafa kaɗai. Lokacin tsayawa nauyi gaba yake komawa, can ne ƙarfin birki yake. Ka nemi fili ka koyi jan na gaba a hankali, kana ƙara matsawa, har hannunka ya san iyakarsa.

A buɗe gangar a duba takalman birkin. Tsofaffi sukan ɓamɓare daga ƙarfen da aka manna su, ɓallin ya cije taya ana cikin tafiya. Kada ka hura ƙurar ciki da baki ko da iska, domin takalman zamanin da akan yi su da sinadarin asbestos, wanda ke illa ga huhu. Ka jiƙa tsumma ka goge. Ga mai baburan Ingila na da, irin su Triumph da BSA, akwai wani tarko: giya a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, akasin abin da aka daidaita a kai daga tsakiyar shekarun 1970. Idan kana hawa wani babur na daban a wasu ranaku, ƙafarka za ta yi abin da ta saba lokacin firgici. Wannan ba ya gyaruwa da karatu, sai da yawan hawa a inda babu cunkoso.

Baƙin mai

An ce injiniyoyin Honda sun ƙera CG125 a 1975 ne bayan sun lura cewa a ƙasashe da yawa masu babur ba sa sauya baƙin mai sai inji ya fara kuka, sai suka yi injin da zai jure sakaci. Amma juriya tana da iyaka, kuma yawancin tsofaffin injuna ba su da ita. Ƙananan da yawa ba su da matatar takarda irin ta mota, sai ɗan raga da wata matata mai juyawa, man da ke cikinsu kuma lita ɗaya ce ko ƙasa da haka. Man nan kaɗan shi ke hidimar inji da giya da kuloci duka.

Tafiyar aiki kuwa ita ce mafi wahala ga mai. In tafiyar gajeriya ce, inji ba ya yin zafin da zai ƙone raɓar da ta taru a cikinsa, sai ka ga wani farin kumfa a murfin mai. In cunkoso ne, injin da iska ke sanyaya shi yana tsaye yana dahuwa. Don haka abin da littafin babur ya ce game da lokacin sauya mai, ka ɗauke shi a matsayin iyaka, ka sauya kafin lokacin. Ka duba sandar awo kowane kwana biyu ko uku, babur a miƙe a wuri mai daidai, domin tsohon inji yana shan mai kuma yana ɗigarwa. A cunkoson da ya tsaya cik, kashe inji ya fi barinsa yana gurnani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba man mota. Man motocin yanzu ana sa masa sinadarin rage gogayya don tsimin fetur, kuma kulocin da ke iyo a cikin mai idan ya sha wannan sai ya fara zamewa: ka murɗa, inji ya yi ƙara, babur bai ƙara gudu ba. Nemi wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, ma'aunin da Japan ta fitar a 1998 saboda wannan matsalar. Wanda injinsa mai hayaƙi ne, irin wanda ake gauraya wa mai da fetur, ya daina awo da ido. Idan littafi ya ce kashi biyu cikin ɗari, mililita 20 ke nan a kowace lita. In kuma babur ɗin na da famfon da ke haɗawa da kansa, kada tankin man ya taɓa ƙafewa.

Makunnin fetur da ke ƙarƙashin tanki ba ado ba ne. A rufe shi duk lokacin da aka ajiye babur. Allurar da ke tsayar da fetur a cikin kafireto, inda fetur ke gauraya da iska, idan ta tsufa takan bar shi ya yi ta tsiyaya dare guda. Ko ya zuba a ƙasa, ko ya gangara cikin inji ya tsinka baƙin mai. Haka kuma wanda ya juya makunnin zuwa ajiya, wato ragowar fetur na ƙasan tanki, ya manta bai mayar ba bayan ya sha mai, ranar da fetur ya ƙare, ya ƙare ke nan. Tunda babu agogon mai, ka san kilomita nawa tankinka ke kai ka. A inda ake gauraya fetur da ethanol, kamar Birtaniya da ta koma fetur mai ethanol kashi goma cikin ɗari a 2021, tsofaffin bututun roba kan lalace, tanki kuma ya yi tsatsa saboda ruwan da ethanol ke jawowa. Sabon bututu da 'yar matata tsakanin tanki da kafireto sun wadatar.

Laifin wuta, a kama kafireto

Nan zan ɗan daɗe, don ni ma na faɗa ciki. Akwai lokacin da babur ɗina ya koyi wata ɗabi'a: da safe ya tashi lafiya, in ya yi minti goma sha biyar sai ya fara tari, ya mutu. In ya huce ya sake tashi kamar ba shi ba. Sau uku ina kwance kafireto ina wankewa. Na murɗa sukurorinsa har na rasa inda suke tun asali, na ƙara wa kaina ciwo na biyu a kan na farko. Ashe kwandensa ce, wani ɗan abu a ɓangaren wuta da bai kai babban yatsa ba, da ke gazawa idan ta ji zafi.

Kafireto shi ne a fili, shi hannu ke iya kaiwa, shi ya sa yake shan duka. Amma kafin ka taɓa shi, cire fulogi ka jingina shi a jikin inji ka buga kik, ka ga ko wuta na tsalle, shuɗiya mai ƙarfi. Duba launin bakinsa: ruwan ƙasa alamar lafiya, baƙi mai toka fetur ya yi yawa, fari fat kuwa fetur ya yi kaɗan kuma inji na zafi. Baburan da ke amfani da kontak, waɗannan 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa su ba fulogi wuta, tazararsu takan sauya da kanta yayin da suke cinyewa. A yawancin ƙananan baburan Japan tazarar tana tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma idan ta kauce, lokacin tashin wuta ma ya kauce. Wanda ke hawa kullum, in ya mayar da babur ɗinsa kan wutar lantarki ta zamani mara kontak, ban ga laifinsa ba. Masu son komai ya zauna yadda ya fito daga kamfani za su yi tsaki, amma ba su za su tura maka ba. Ka adana tsofaffin kayan a kwali, ko don ranar sayarwa.

Dokar da na koya daga wannan wahala: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a gwada, sannan a matsa gaba. In za ka murɗa sukuru, ƙirga juyin ka rubuta.

Fitila ma ta nan take. Da yawa daga cikin baburan nan volt 6 ne, haskensu kamar na aci-bal-bal, kuma a wasu idan inji ya sassauta fitilar ma sai ta lumshe. Mutane kan sa ƙwai mai ƙarfi fiye da abin da injin ke iya ciyarwa, sai batir ya mutu. Kafin haka, kankare tsatsar da ke inda wayoyi ke haɗuwa, musamman wayar da ke komawa jikin firam. Sau da yawa rabin hasken can ya maƙale. Ƙwan LED na taimakawa, amma ka tabbatar ya dace da irin wutar babur ɗinka, don wasu fitilarsu kai tsaye daga inji take sha, ba daga batir ba. Riga mai ɗaukar ido da hular kwano ta zamani su ne suka rage. Babur ya tsufa a yi alfahari da shi, hula kuwa in ta tsufa kumfan cikinta ya mutu.

Sarƙa a bar mata wasa kamar santimita biyu zuwa uku a tsakiya, sai in littafinka ya ce wani abu daban. Ɗaure ta tamau ya fi sakinta ɓarna. A shafa mata mai bayan an dawo, tana da ɗumi. Wayar kuloci a kusa da hannu take fara tsinkewa, zare ɗaya-ɗaya, kuma da ka ga zare guda ya tashi, ta gama yi maka sallama. Girgiza na kwance noti, don haka a bi su da sifana lokaci-lokaci. Sifanar ma ta zama tasu: tsofaffin baburan Ingila awon Whitworth ne, sukurorin na Japan kuma masu kan gicciye awon JIS ne, kuma sukundireba ta Phillips cinye musu kai take yi.

Saura maganar lokaci. Kada ka sayi tsohon babur yau ka ce gobe da shi za ka aiki. Ba shi mako biyu ko uku kana zagayawa kusa da gida, ya fito da halayensa a inda turawa ba za ta yi nisa ba. Sannan ka bi hanyar aikin a ranar hutu, ka ga yadda yake yi a kan tudu da wuraren tsayawa. Kada kuma ka kwance wani abu da daddare alhali gobe aiki. Gyara a farkon hutu ake yinsa, don in wani ƙarfe ya karye a samu sararin nemo shi. Kayan wasu baburan sai an yi odarsu a jira makonni, saboda haka abin da ka san yana cinyewa, ka saya tun kafin ya mutu, kuma ka san yadda za ka isa aiki ranar da babur ke kwance.

A ƙarƙashin kujerata akwai fulogi sabo da sifanarsa, fis biyu, mahaɗin sarƙa, filaya, 'yar waya da salatif, da ƙaramar tocila. Wayar kuloci ta biyu kuma na riga na shimfiɗa ta kusa da ta farko, na ɗaure su tare, na toshe bakinta da leda saboda ruwa. Ranar da ta farkon ta tsinke, minti biyar na yi a gefen titi.