Yadda za ka kai kazar ado baje koli ta dawo gida lafiya

Masu kiwon kajin ado sun yawaita a garuruwanmu. A bayan gidaje da dama a Kano da Zariya da Jos za ka tarar da Brahma da Silkie da mai tukkun nan da ake kira Polish suna tono tare da kajin Hausa. Ba don nama ko ƙwai ake ajiye yawancinsu ba, sha'awa ce kawai. Wasu su kai nasu baje kolin amfanin gona irin na bikin Argungu ko na ƙasa da ake yi a hanyar Abuja zuwa Keffi, wasu kuma su ɗauki bidiyo su saka a Facebook mai saye ya gani. Ni ma cikinsu nake, kuma a ganina wankan da ake yi wa kaza gab da tafiya shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Babban aikin tun wajen zaɓen iyayenta yake farawa.

Ka fara da sanin siffar irin da kake kiwo. Turawa sun daɗe a wannan harka. An yi babban taron nuna kaji a Boston ta Amurka tun 1849, ƙungiyar masu kajin Amurka ta kafu a 1873, shekara guda bayan nan ta fitar da littafin da ya zayyana yadda kowane iri ya kamata ya kasance. Mu ba mu da alƙalan kaji irin nasu, amma mai sayen da ya san kan abin, da wannan ma'aunin zai duba maka. Zakaran Brahma cikakke yana kai kilo 5 da ɗoriya, zankonsa ƙarami ne a kwance mai layi uku, ƙafarsa rawaya da gashi har kan yatsu. In ka ga zanko dogo a tsaye kamar na zakaran Hausa, to an surka jinin, ko mai shi ya rantse maka. Silkie kuwa ka ƙirga yatsunta, biyar ne ba huɗu ba. Ka buɗa gashin ka ga fatar baƙa ce, kunnen kuma shuɗi-shuɗi.

Wajen haɗa iri ake yin ɓarna mafi yawa. Mutum ya sayi zakara da kaza daga ƙyanƙyasa guda, su haihu, ya sake haɗa 'ya'yan, ya sake haɗa jikokin. Kafin a jima sai ƙwai ya riƙa yin bara-gurbi, tsaki su fito da karkataccen baki ko murɗaɗɗun yatsu, girman ma ya ja baya. Ka samo zakara daga wani gida da ba ku yi musayar iri da su ba. Kazar da kake son ƙwanta ka raba ta da sauran zakaru na mako 3 kafin ka fara tarawa, domin barbarar da aka yi mata a baya tana daɗewa a jikinta. Zakaran Brahma guda, mata huɗu zuwa biyar sun ishe shi. Ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye, a wannan zafin namu, kada ka sa rai da shi. Ni dai kazar Hausa nake ba wa kwanci, ko Silkie, don ba su tashi sai kwana 21 ɗin sun cika.

Kada ka raina namu na gida. Shazumama mai kyau tana tsayar da mutane a gaban keji fiye da Brahma ramammiya. Sai dai ba a haɗa shazumama da shazumama, wasu 'ya'yan sukan fito da gashi mai karyewa, rabin jiki a waje, hunturu ya gama da su. A haɗa ta da mai kwantaccen gashi. Wanda ya fito da aibi kuma ba na iri ba ne, na tukunya ne. Sabo da kaza ba ya hana yanka.

Masu kiwon karnuka da ke ganin kuɗi a Boerboel da Alsheshan, wannan magana ta shafe su. Kada a kai karya ga namiji a neman farko, manyan iri a bari ta doshi shekara 2, a kuma ba ta hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka. Kwikwiyo ba ya barin uwarsa kafin mako 8, kuma kafin ya tafi a yi masa allurar farko ta cutar nan mai amai da gudawar jini, ta haukan kare kuma in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Kare mai cizon mutanen gidansa ba na iri ba ne, komai girman kansa. In ba ka san gidajen da 'ya'yan za su je ba, bar haɗin tukuna.

Mu koma akurki. In saura wata 2 tafiya, ware waɗanda za ka kai. Ka ɗauki kowacce a hannu, ka buɗa gashin ƙarƙashin fiffike da na gindin wutsiya. Ƙwarƙwata a nan take zama, za ka ga ƙwanta fari a dunƙule a gindin gashi. Ƙuma kuma a fuska take mannewa, baƙi-baƙi kewaye da ido da zanko. A shafa basilin a wurin, a share akurkin, a zuba toka da yashi a kusurwa su yi birgima. Ƙafar da ta yi ɓawo tana tashi ita ma basilin ne maganinta, amma sai an jure shafawa makonni. Gashin fiffiken da ya karye a cire shi yanzu, don sabo yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya cika. Brahma kada ta taka caɓi, ka shimfiɗa mata busasshen ɓuntun shinkafa, in ba haka ba gashin ƙafar ya tafi. Fararen kaji kuma a rage musu jar masara da zaman rana, dukansu suna sa farin ya yi ɗorawa-ɗorawa. Farar dawa da dusa da waken suya da ɗan ƙuliƙuli sun wadatar.

Rigakafin cutar kaji ta Newcastle wajibi ne, musamman da yake tarukan nan da yawa a rani suke faɗowa, lokacin da annobar take kwashe kajin gari. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin maganin rigakafin, har da nau'in I-2 mai jure zafi da ake ɗigawa a ido. A yi shi aƙalla mako 2 kafin tafiya, a maimaita duk wata 3 zuwa 4. Ka saya wurin likitan dabbobin da ke ajiye shi a sanyi.

Abin da mutane ke mantawa shi ne sabar wa kaza da keji. Wadda ba ta saba ba za ta yini tana dukan waya da kai, ko ta laɓe a kusurwa. Kullum ka sa ta a kejin na ɗan lokaci, ka ba ta tsaba da hannu. In za ka fito da ita, kanta za ka fara fitarwa: tafin hannunka a ƙarƙashin ƙirjinta, ƙafafun a tsakanin yatsunka, ɗaya hannun a kan fikafikan.

Wanka saura kwana 3, da hantsi, da ruwa mai ɗumi da sabulu marar ƙarfi. Ka bi kwanciyar gashin, kada ka cuɗa. Ka ɗauraye sosai, ka naɗe ta a tawul, ta ƙarasa bushewa inda ba iska. Kwanakin da suka rage za ta gyara gashin da bakinta, maiƙon ya dawo. Ranar tafiya ɗan man kaɗanya a zanko da ƙafa ya isa. Ka tashi da asuba, kowane zakara da kwalinsa mai huji, don Brahma ba ta jure zafin mota. Ka tafi da ruwanka da mazubinka, kada ta sha na kowa, kada kuma ka bari kowane mai kallo ya miƙa hannu ya taɓa.

In ana raɗe-raɗin murar tsuntsaye a jiharku, ka zauna gida. Tun da ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a farkon 2006, ta kuma tsallaka Magaria a Nijar, ba ta daina dawowa ba. In kuwa ka je ka dawo, kazar ba ta shiga cikin 'yan'uwanta ranar. Ka killace ta nesa da akurki mako 3 zuwa 4, haka duk wadda ka sayo a can, domin Newcastle takan kai mako 2 a jiki ba ta nuna ba. Ka fara ba na akurki abinci, sannan ka je wurinta, da wasu silifas daban. Kowace safiya ka duba kashinta, ka saurari numfashinta. In ka ga koren zawo, ko minshari, ko wuya ya fara juyawa, kira likita nan take.