Yadda Ake Sakin Laccar Jami'a da Buɗaɗɗen Lasisi Ba Tare da An Ci Haƙƙin Kowa Ba

Ɗaukar lacca ba wuya. Waya mai kyau, ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, da kusurwar da ƙarar janareta ba za ta cinye muryar malam ba, shi ke nan. Ba zan ɓata lokaci a kan wannan ba. Ɗaliban da na gani a Gombe da Kashere suna ɗokin sakin laccocin sashensu ga duniya duk sun iya ɗauka, wasu ma sun fi ni. A wajen takarda suke faɗuwa, kuma ni ma a can na faɗi.

Mu fara fahimtar juna a kan abu ɗaya. Ɗora bidiyo a YouTube kowa ya kalla kyauta daban, sa masa buɗaɗɗen lasisi daban. Lasisi irin na Creative Commons yana nufin ka ce wa duk duniya: ku kwafa, ku raba, a wasu nau'o'in ma ku yanka ku fassara, ba sai kun tambaye ni ba. To mutum ba ya kyauta da akuyar maƙwabci. Duk aikin da ke ƙasa na tabbatar da cewa abin da za ka bayar naka ne, ko mai shi ya yarda a rubuce.

Mataki na 1: Gano masu haƙƙi

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta lissafa lacca cikin ayyukan adabi, tare da jawabi da huɗuba. Ke nan kalaman malam suna da haƙƙi, kuma a asali na marubucinsu ne, sai in akwai yarjejeniyar da ta ce wani abu daban. Bidiyon kansa kuma wani aiki ne na biyu, wanda doka ke ɗaukar wanda ya yi shirye-shiryen ɗaukarsa a matsayin mai shi. Sannan dokar ta ce aikin da aka yi ƙarƙashin umarni ko kulawar gwamnati ko wata hukumarta, haƙƙinsa na gwamnatin ne idan babu wata yarjejeniya. Da yawa daga cikin jami'o'inmu na gwamnati ne, na tarayya ko na jiha.

Ni ba na tsayawa muhawarar ko laccar ta malam ce ko ta jami'a. Sa hannu biyu nake karɓa: na malam, da na jami'a ta hannun shugaban sashe, shi kuma ya tura sama idan ya ga abin ya fi ƙarfin kujerarsa. Ka tambayi laburare ko ofishin lauyan jami'a ko akwai rubutacciyar manufa kan haƙƙin mallaka. In akwai, ita za a bi.

Mataki na 2: Zaɓi lasisi kafin ka je neman sa hannu

Sababbin shiga suna juya wannan. Sai su karɓi izinin "sakawa a intanet", daga baya su zaɓi lasisi da kansu. Malam bai yarda da abin da bai gani ba.

Lasisin Creative Commons guda 6 ne, kuma sigar 4.0 da ta fito a 2013 ita za ka ɗauka. Dukkansu suna wajabta ambaton mai aiki, wato BY. SA na nufin wanda ya sarrafa aikin ya saki nasa da irin lasisin. NC ya hana amfani don kasuwanci. ND ya hana raba abin da aka sauya.

Kada ka taɓa ND. Fassara sauyi ce, don haka da ND babu wanda zai iya mayar da laccar kimiyyar sinadarai zuwa Hausa ya raba wa 'yan sakandare a Dukku ko Nafada, alhali su ne suka fi buƙata. NC kuwa malamai suna son sa, domin ba sa son wani ya ci kuɗi da guminsu, kuma jami'ar MIT ta Amurka ma da BY-NC-SA take sakin darussanta. Amma ka tuna yadda bidiyo ke yawo a nan. Mai turi a bakin tasha da ke karɓar ɗan kuɗi ya zuba maka abu a memori, shi ne intanet ɗin wanda ba shi da data, kuma NC ya sa shi cikin masu laifi. Wikimedia Commons, rumbun hotuna da bidiyo da Wikipedia ke amfani da shi, ma ba ta karɓar NC ko ND. Ni CC BY nake sawa, wato Creative Commons mai sharaɗin BY kaɗai. Idan malam ya dage, sai mu sauka a BY-SA.

Mataki na 3: Takardar izini

Shafi ɗaya ya isa: sunan kwas, zangon karatu, laccocin da aka ɗauka, cikakken sunan lasisin da sigarsa, yadda malam yake so a rubuta sunansa, da layi ɗaya da ke cewa ya fahimci ba a janye wannan lasisi. Wannan layin ka karanta masa da baki. Ana iya sauke bidiyo daga shafi, amma wanda ya riga ya kwafa yana da damar ci gaba da amfani da shi bisa sharuɗɗan. Wani dattijon Furofesa ya taɓa ce min, "Kai ɗana, kai ne fa, je ka saka kawai." Na ce, "Ranka ya daɗe, albarkacin haka ne ma nake so a sa hannu." Doka ta yarda da izinin baki a lasisin da ba na keɓancewa ba, gaskiya ne, amma ranar da aka sami saɓani ba ka da abin nunawa. Malamin da aka gayyato daga waje shi ma da tasa takardar.

Mataki na 4: Bi silaid ɗaya bayan ɗaya

A nan na ƙone. Na ɗauki kwas guda na wani sashe da ba zan ambata ba, zango cur, na tace, na karɓi sa hannun malam da na shugaban sashe, na ɗora, har na fara raba mahaɗin a zaurukan WhatsApp. Sai wata ma'aikaciyar laburare ta kalli lacca ta 3 ta tambaye ni, "Wannan zanen zuciyar, Malam ne ya zana?" Ba shi ba ne. Daga littafin karatu na wani kamfanin ɗab'i na waje aka ɗauko shi, har lambar shafin tana leƙowa a gefe. Da na koma na duba, kusan kowace lacca tana da irinsa. Dole na sauke komai, na sake tacewa, datar da na ƙona wajen ɗorawa ta tafi a banza.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, sa hannun malam ya rufe abin da malam ya ƙirƙira ne kawai. Doka ta yi sassauci ga koyarwa da bincike da sharhi, shi ya sa malam zai iya haska zanen littafi a majigi a gaban ajinsa. Wannan sassaucin bai ba ka ikon ɗaukar zanen ka ce wa duniya ta kwafa ta sayar ba. Kuma rubuta "an ɗauko daga littafi kaza" a ƙasa ladabi ne na ilimi, bai zama izini ba.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma tun kafin a kunna kyamara. Ina karɓar silaid ɗin malam mako guda kafin lacca. In buɗe jadawali mai gida huɗu: lambar silaid, abin da ke ciki, daga ina ya fito, me za a yi da shi. Duk hoto, zane, taswira, jadawali, guntun bidiyo ko dogon nassi sai ya shiga. Idan malam ya ce "a Google na samu", ka rubuta "ba a san mai shi ba", domin Google ba ya mallakar hotunan da yake nunowa.

Daga nan kowane abu yana da mafita ɗaya cikin huɗu. Ko a musanya shi da mai buɗaɗɗen lasisi, daga Wikimedia Commons ko littattafan karatu na kyauta na OpenStax, bayan an duba lasisin kowanne a shafinsa. Ko a sake zana shi daga tushe: alƙaluma da hujjoji ba su da haƙƙin mallaka, don haka kana iya ɗaukar lambobi ka gina naka jadawalin, amma ɗora takarda a kan zanen wani ka bi layinsa kwafi ne. Ko a rubuta wa mai haƙƙin a nemi izini, wanda ni na daina, domin sai zango ya ƙare amsa ba ta zo ba, in ta zo kuma da farashi a dala. Ko a cire shi, a bar baƙin allo da rubutu: "An cire wannan hoto saboda haƙƙin mallaka, duba littafi kaza shafi kaza." Ba kyan gani, amma muryar malam tana ci gaba da bayani, ɗalibi kuma ya san inda zai nema. Mafi arha duka, ka roƙi malam ya zana da hannunsa a allo. Sau da yawa ma an fi ganewa.

Hattara da cewa "ai tsohon abu ne". Haƙƙin rubutu yana ƙarewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu, na hoton kyamara da na bidiyo da sautin da aka naɗa kuma shekara 50 ne daga fitowarsu. Rubuce-rubucen malaman ƙarni na 19 sun fita daga haƙƙi, amma fassarar da wani ya yi musu a zamaninmu tana da nata. Haka kiɗan da ake sawa a farkon bidiyo don ado: cire shi. Idan na'urar YouTube mai gano kayan wasu ta kama shi, ba za ta bari ka sa wa bidiyon alamar Creative Commons ba.

Mataki na 5: Ɗalibai

Lasisin bai shafi fuskar mutum da muryarsa da sirrinsa ba, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Saita kyamara a kan malam da allo kawai. A sanar da aji ana ɗauka, malam ya riƙa maimaita tambaya da bakinsa don a yanke muryar mai tambayar. Kiran suna, sakamakon jarrabawa, faɗan da aka yi wa wanda ya makara, duk a yanke. A kwasa-kwasan likitanci, hoton majiyyaci ba ya fita ko da an rufe idanu, sai da rubutaccen izininsa.

Mataki na 6: Ɗorawa

Sa allo ɗaya a farko ko ƙarshe mai ɗauke da sunan lacca, sunan malam, jami'a, shekara, da lasisin, da jumlar "ban da abubuwan da aka nuna na wasu ne". Lissafa hotunan aro da sunan mai su, inda aka samo, da lasisinsu. A cikin bidiyon za ka sa, domin in ya shiga memori bayanin da ke ƙasan shafi ba ya binsa. YouTube BY kaɗai yake da shi a zaɓinsa, in naka BY-SA ne ka rubuta shi a bayani. Ajiye kwafi a rumbunan ajiya na intanet irin su Internet Archive ko Zenodo, kyauta ne. Takardun izini da jadawalin silaid kuma ka ɗauke su hoto, ka miƙa asalin ga sakataren sashe ya sa a fayil, domin kai za ka gama ka tafi bautar ƙasa, kuma in tambaya ta taso ofishin za a zo.