Kurakuran da ke sa tufafi su yi fumfuna a tafiyar Kudu

Wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya saba da busasshiyar iska: ka shanya kaya da hantsi, kafin azahar sun bushe ƙayau, ka ninke ka jefa a akwati. Wannan sabon ne ke cutar mutum idan ya sauka Legas, Fatakwal, Akra ko Duwala, inda iskar kanta a jiƙe take. Ni a unguwar New Bell ta Duwala abin ya same ni, cikin watan Agusta, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba. Kwanana biyar, na buɗe jaka in ɗauko farar shaddata ta Juma'a, sai ga ɗigo-ɗigon baƙi a wuyan rigar kamar an barbaɗa masoro.

Laifina ne. Na taɓa rigar na ji kamar ta bushe, na ninke. A can hannu yana yaudara, domin yadin yakan bushe ya bar laima a ɗinki. Ka taɓa wuya, da aljihu, da wurin aikin ado, da ƙugun wando inda mazugi yake. In ka ji sanyi-sanyi, da saura. Fumfuna ba ta buƙatar fiye da kwana ɗaya zuwa biyu a kan yadi mai danshi. Ranar da babu rana, rataye kayan a gaban fanka, ka ware su kada su haɗu, sannan ka bi su da guga har tururi ya daina tashi. Kuma ka bari su huce kafin ka ninke.

Sai batun leda. Mutane na ƙulle kaya a leda wai don kada ruwa ya taɓa su. A mota ko a tasha hakan daidai ne, amma da ka isa masauki ka kwance, domin leda tana tsare danshin da ke ciki kamar yadda take tare na waje. Mafi muni shi ne cusa rigar da ka yi gumi a ciki tare da tawul da safar da ka sa bayan alwala, a bari sai an koma gida. Ko ba za ka wanke ba, ka shanya su sha iska tukuna.

Abin da da yawa ba su sani ba, sitaci abincin fumfuna ne. Shaddar da ta sha sitaci da hular da aka ɗaure sun fi saurin kamuwa, haka takalmin fata da jakar fata. In tafiyar ta damina ce, a ce wa mai wanki ya sassauta hannu, a kuma ɗauki yadi mara nauyi. Babbar riga ɗaya ta isa.

Akwati kuma kada ya zauna a ƙasa ko jikin bango. Ɗora shi kan kujera, ka bar shi a buɗe. 'Yan ƙunshin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi, masu tsotse danshi, a daina zubar da su, a tara a watsa cikin kaya. Kafur dai maganin ƙwari ne, ba ya busar da komai. Turare ma haka: a fesa a kan warin fumfuna, sai a samu wari biyu.

In fumfunar ta riga ta fito, fita da rigar waje ka kakkaɓe da buroshi, kada ka yi a ɗaki ka shaƙa, musamman mai asma. Jiƙa ta a ruwan da aka zuba farin khal (wato binega) kamar awa guda, ka wanke da sabulu, ka shanya a rana. Bilic na farin yadi ne kawai, shadda mai launi zai kashe ta, kuma kada ka kuskura ka haɗa shi da khal, iskar da ke tashi guba ce. Tawa rigar sau biyu na wanke ta, har yau in aka duba wuyan da kyau ana ganin inuwar tabon.