Shawara ga ɗalibin da ke son nazarin ƙwaƙwalwa a Legas

Assalamu alaikum, 'yan uwa ɗalibai. Duk mai sha'awar ilimin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sani cewa a digirin farko galibi ana shiga fagen ne ta sashen fisiyoloji (ilimin yadda jiki ke aiki) ko anatomi (ilimin tsarin sassan jiki), irin waɗanda ke Kwalejin Likitanci ta Jami'ar Legas a Idi-Araba.

Shawarata ita ce kada ku fara da haddace sunayen sassan ƙwaƙwalwa. Ku fara da ƙwayar jijiya guda ɗaya. Idan tana hutawa, lantarkin cikinta yana ƙasa da na wajenta da kusan milibolt 70 (milibolt ƙaramin ma'aunin ƙarfin lantarki ne), akwai kuma famfo a jikinta mai fitar da sinadarin sodiyam guda 3 ya shigo da sinadarin fotasiyam guda 2 a kowane zagaye. Da saƙo ya iso, ƙofofin sodiyam sukan buɗe ya kwararo ciki, sannan fotasiyam ya fita, ƙwayar ta koma yadda take. Ku riƙa zana wannan da hannunku har sai kun iya bayyana wa abokin karatu ba tare da duba littafi ba, domin daga nan ne za ku gane dalilin da allurar kashe zafi ta likitan haƙori take aiki: ƙofofin sodiyam ɗin take toshewa, sai saƙon zafi ya kasa wucewa. Yana damuna ƙwarai in ga ɗalibi mai ƙoƙari ya tsallake wannan tushe saboda gaggawar jarrabawa.

Tun a shekara ta uku ku nemi malamin da ke bincike kan ƙwaƙwalwa, ku roƙi ya kula da aikinku na shekarar ƙarshe.