Daga Ɗinkin Bargo Zuwa Siket Ɗin Yarinya

Mai haɗa ƙyallaye ya ɗinka bargo ya saba barin milimita 6 a bakin ɗinki. A kayan yara wannan ya yi kaɗan, zai farke wurin wasa. Ku bar santimita 1.5, ku bi bakin da ɗinkin zigzag, wato ɗinki mai lanƙwasa dama da hagu, don kada zare ya warware.

Ku fara wanke yadin auduga, domin yana tsukewa.

Siket mai roba ya fi sauƙin farawa. Faɗin yadi ya ninka ƙugun yarinya sau biyu. Ku naɗe sama santimita 3.5, ku ɗinke, ku zura roba mai faɗin santimita 2 da fil. Tsawon robar ya gaza ƙugun da santimita 2, in ba haka ba siket ɗin zai riƙa zamewa.