Kurakuran da ke sa bidiyon biki ya riƙa sarƙewa a talabijin

Wata Asabar na taso daga Agege zuwa Idi-Araba da bidiyon ɗaurin aure a filash. Na tarar da falo cike da dangin amarya. Aka soka filash a talabijin, hoto ya fito tas, can sai ango ya miƙa hannu zai gaisa ya daskare a haka, muryar maroƙi kuma tana ta gaba abinta. Kawun amarya ya dube ni ya ce, "Ɗana, a haka angon namu zai kwana?" A kwamfutata aikin yana tafiya lafiya lau. Wurin fitar da fayil ɗin na tafka kuskuren.

Abin da ya kayar da ni shi ne bitiret, wato yawan bayanan da bidiyo ke ɗauka a kowace daƙiƙa. Na cilla shi har 80 Mbps, wai don hoto ya ƙara kyau. Ƙwaƙwalwar da ke cikin talabijin ba ta kama ƙafar ta kwamfuta ba, in ka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta riƙa tuntuɓe. Ga hoto mai girman 1920x1080, tsakanin 12 zuwa 20 Mbps ya wadatar. YouTube ma 8 yake ba da shawara a ɗora masa irin wannan, faifan Blu-ray kuma hotonsa ba ya wuce 40. Ka zaɓi VBR, wato bitiret mai hawa da sauka, don ya ba wurin rawa da liƙi kaso mai yawa, ya rage a wurin da liman ke zaune yana addu'a. Kada kuma tsoro ya sa ka sauko zuwa 3 ko 4, domin aikin da ke jikin babbar riga zai narke ya koma dabbare-dabbare.

Sai nau'in fayil. H.265 yana ba da fayil ƙarami, shi ya sa yara masu tace bidiyo da manhajar CapCut ke son sa, amma tsofaffin talabijin da yawa ba su san shi ba: ko a ji murya babu hoto, ko su ƙi buɗewa gaba ɗaya. H.264 a cikin MP4, da sauti AAC a 48 kHz, shi ne wanda kusan kowace talabijin ke karɓa. Daga iPhone 12 zuwa sama wayar tana ɗaukar HDR, wato hoto mai faɗin haske da launi, in ka fitar da shi haka nan aka kalla a talabijin da ba ta da HDR, launi zai koɗe kamar atamfar da ta sha rana. A mayar da shi Rec.709, tsarin launi na talabijin da aka saba, mai bit 8 tun a wurin tacewa.

Kuskuren da ya fi ɓoyewa shi ne na firem, adadin hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Wutar lantarkinmu a Najeriya 50 Hz ce, don haka kyamarorin da aka saita wa yankinmu suna ɗauka a 25 ko 50. Wayoyi kuwa galibi 30 ko 60 suke yi. A bikin Legas ba ka rasa ƙanin ango da zai turo maka nasa ɗaukan ya ce lallai a saka. In ka zuba 30 a aikin 25, manhaja za ta riƙa jefar da hoto ɗaya cikin kowane shida. Ba ka lura sai kyamara ta zagaya zauren, nan ne za ka ga hoton yana ɗingishi. Mutane kan ɗora laifin a kan filash ko talabijin, alhali a fayil ɗin abin yake, ko ina aka kunna shi haka zai yi. Gyaran: ka dubi abin da babbar kyamararka ta ɗauka, ka saita aikin a kansa, ka fitar a kansa. Raba 50 zuwa 25, ko 60 zuwa 30, ba ya kawo matsala. In da hali, tun kafin biki ka sa masu waya su koma 25, wanda kuma ke rage ƙyaftawar fitilun zaure. Sannan firem ɗin waya ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa da sauka, abin da ke sa baki ya rabu da murya bayan minti 20. Ka fara wuce da shi ta manhajar HandBrake, kyauta ce, ka mayar da shi tsayayye kafin ka soma yanka.

Filash ɗin ma da nasa. Mai tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB, bidiyo mai 16 Mbps kuwa zai wuce nan kafin minti 40. Ko ka raba shi, kamu daban, ɗaurin aure daban, ko ka mayar da filash ɗin NTFS ko exFAT, amma ka gwada, don wata talabijin ɗaya kawai take karantawa. In za ka saya a Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, ka cika shi da fayil ka sake buɗewa kafin ka bar shagon. Akwai jabu masu rubutun 64GB da cikinsu bai kai haka ba.

4K ba dole ba ne. Yawancin talabijin masu inci 32 a 1366x768 suka tsaya. WhatsApp kuma matse bidiyo yake yi, sai dai a tura shi a matsayin takarda (Document), iyakarta 2GB.

Yanzu akwai wata tsohuwar talabijin mai inci 32 a shagona, a kanta nake gwada kowane aiki, kuma kai tsaye nake tsallakawa wurin rawa. Ita ce ta nuna mini cewa wasu talabijin suna cinye gefen hoto: sunan amarya da na rubuta can ƙasa ya fito babu rabinsa, sai da na matso da shi ciki na sake fitarwa.